Mugun tunani yana faɗo mini a kan jaririna, ni kuwa ban kira shi ba

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 23, haihuwata ta fari ke nan, yaron yana wata huɗu. Tun ina gidanmu wankan jego wani abu ya fara damuna. Ina cikin yi masa wanka sai kawai in ga a raina wai na danna kansa cikin ruwa. In na ɗauki wuƙa zan yanka albasa, sai wani hoton ya zo, wanda ba zan iya rubutawa ba. Wallahi Anti ina son yaron nan fiye da raina. In abin ya zo jikina rawa yake yi, in yi ta kuka ina a'uziyya, amma kamar ƙara masa ƙarfi nake. Yanzu na kwashe wuƙaƙen gidan na ɓoye a saman sif, na daina yi masa wanka, ƙanwar maigidana ke yi, kuma ba na yarda a bar ni da shi mu kaɗai. Da farko kowa ya ɗauka kunyar ɗan fari ce. Da abin ya ishe ni na gaya wa maigidana, na roƙe shi ya rufa mini asiri, gari na wayewa ya kai wa Hajiyarsa. Ita ta ce shafar aljanu ce ko jifa. An yi mini rukiyya sau biyu, babu abin da ya canza. Yanzu tana cewa a ba ta yaron ta riƙe da madarar gwangwani. Maigidan kuma in na ɗauki yaron sai ya riƙa bi na da ido. Anti, in ba halina ba ne, me ya sa zuciyata take kawo shi? Ina da zunubi? In ba da yaron ne don ya tsira daga gare ni?

'Yarki, daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya yaron, ya yi masa albarka, ke kuma ya yaye miki wannan damuwa.

Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don na san ita ce take hana ki barci. A cikin abin da kika rubuto ban ga dalilin raba ki da ɗanki ba. Uwar da take ɓoye wuƙa, take kuka, take roƙon a tsaya kusa da ita, tsoro ne ya cika ta, kuma tsoron nan shi ne shaidar inda zuciyarta take. Sai dai ni ta takarda nake ganinki. Akwai wanda ya kamata ya gan ki ido da ido, zan zo kansa.

Abin da ya jefa ki cikin wannan azaba shi ne kin ɗauka duk abin da ya gilma a zuciya, mai zuciyar ce ta ƙirƙiro shi da gangan. Ba haka aka halicce mu ba. Ki gwada yanzu: ki ajiye wayar, ki zaɓi tunanin da zai zo miki nan da minti ɗaya. Ba zai yiwu ba, domin kafin ki zaɓe shi sai kin san shi, in kuwa kin san shi ai ya riga ya iso. Sunan 'yar ajinku da kika yi ta lalube da rana ya ƙi zuwa, sai ya faɗo miki kina shara. Waƙar talla da ba kya so ta wuni tana juyawa a kanki. Mutum ya yi kabbara, sai lissafin kuɗin cefane ya tsaya masa a gaba. Duk babu wanda aka aika ya kira su. Tunani kamar masu wucewa ta ƙofar gida ne: ba ke kike tsara wanda zai bi layin ba, abin da ke hannunki shi ne wa za ki shimfiɗa wa tabarma.

Malamanmu sun daɗe da tantance wannan. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111 miladiyya, ya kasa abin da ke faruwa a zuciya kafin aiki gida huɗu: abin da ya ɗarsu, sai karkatar rai zuwa gare shi, sai hukuncin zuciya cewa ya dace a yi, sai ƙudurin aikatawa. Ya ce biyun farko ba a kama bawa da su, domin ba sa cikin zaɓinsa. Ke ko mataki na biyu ba ki taka ba, tunda ranki gudu yake yi daga abin. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya yafe wa al'ummarsa abin da zukatansu suka raya musu, matuƙar ba su aikata ko sun furta ba. Muslim ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun zo suka ce suna samun wani abu a ransu wanda ɗayansu yake ganin girman furta shi. Ya tambaye su ko lalle sun sami hakan, suka ce e, sai ya ce wannan shi ne tsantsar imani. A wajen Abu Dawud kuma wani mutum ya ce gara ya zama gawayi da ya faɗi abin da ke zuwa masa, Annabi ya yi kabbara, ya gode wa Allah da ya mayar da makircin Shaiɗan ya tsaya a waswasi. Nasu a kan imani ne, naki a kan ɗa, amma yanayin ɗaya ne, kuma malamai sun bayyana cewa ƙin abin da jin nauyinsa su ne aka yaba. Kada kuma kalmar "furta" ta tsorata ki don kin gaya wa maigidanki. Kai kuka don neman magani daban yake da faɗin abu don an yarda da shi. Su ma sahabban ai kuka suka kai. Saboda haka amsar tambayarki ta biyu: ba ki da zunubi a kan abin da ba ki kira ba.

Na san akwai abin da ke ce miki: to amma ni kaɗai ce irin wannan yake zuwa wa. Ba ke kaɗai ba ce, ko kusa. A 1978 wasu masana biyu a Landan, Rachman da de Silva, sun tambayi mutane masu cikakkiyar lafiya, suka tarar wajen kashi 80 cikin 100 suna samun munanan tunanin da ba sa so, irin su tura wani gaban mota ko zagi a wurin ibada, kuma abin da ke cikin tunanin nasu bai bambanta sosai da na marasa lafiyar da ke zuwa asibiti ba. A 2014 aka sake binciken da ɗalibai 777 a ƙasashe 13, har da Saliyo, aka sami kusan kashi 94. Wanda ya fi shafar ki shi ne na Kanada a 2008, inda aka bibiyi sababbin uwaye 100. Dukkansu sun ce tunanin wani hatsari zai sami jaririn yana zuwa musu, kusan rabi kuma sun ce har tunanin su da kansu sun cutar da shi yana faɗo musu. Ki tuna taron sunan da kika taɓa zuwa, ki dubi matan da ke zaune a tsakar gidan. Da yawansu sun san abin nan, shiru kawai suka yi, kuma shirun nasu ne ya sa kike ganin kamar a kanki aka fara.

Me ya sa a kan yaron, ba a kan wani ba? Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, ƙwaƙwalwar mai jego tana cikin shirin gadi dare da rana, tana lalubo duk abin da zai iya cutar da jariri: ruwa, wuta, wuƙa, matakala. Wani lokaci gargaɗin yakan zo da mummunan hoto, har da ita uwar a ciki. Kuma irin wannan tunani ya fi manne wa abin da mutum ya fi ƙauna. Mai tsoron Allah a kan Allah yake samun nasa, uwa a kan ɗanta. Yawancin mata abin yakan gilma, su ce subhanallahi, su ci gaba da wanka. Ke da ya zo sai kika tsaya kika tambayi kanki wace irin mace ce ni, daga nan ya sami wurin zama.

Kin ce a'uziyya kamar ƙara masa ƙarfi take. Ba laifin a'uziyya ba ne, kokawar da kike yi da shi ce. A 1987 wani masani a Amurka, Daniel Wegner, ya zaunar da mutane ya ce na minti biyar kada su tuna da beyar, farar dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara, duk sanda ta faɗo musu su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Da aka sake su aka ce yanzu su tuna da ita, sai suka fi waɗanda ba a taɓa hanawa ba yawan tunaninta. Dalilin a fili yake: wanda ya ƙudurta ba zai tuna abu ba, dole ya riƙa leƙawa ya ga ko abin ya zo, leƙen nan kuwa shi ne tunawar. Haka ɓoye wuƙa da miƙa wanka ga ƙanwar miji suke aiki. Suna ba ki sauƙi na ɗan lokaci, amma kowane sauƙi yana koya wa zuciyarki cewa da ba ki ɓoye ba da wani abu ya faru, sai tsoron gobe ya fi na yau.

Abin da ya ba ni sha'awa, maganin yana cikin littafin da kika karanta a Islamiyya. A Ahalari an ce mai waswasi ya bar waswasin daga zuciyarsa, kada ya kawo abin da ya yi shakka a kansa, ya yi sujjada bayan sallama kawai. Wato wanda kullum yake shakkar raka'a uku ya yi ko huɗu, ba a ce ya yi ta ƙarowa har ya gamsu ba, don ba zai taɓa gamsuwa ba. A hadisin Buhari da Muslim kuma an ce wanda Shaiɗan ya kawo masa tambayoyin banza ya nemi tsari da Allah, ya bari. Ki lura da "ya bari". A'uziyya ɗaya, ki ci gaba da abin da hannunki yake yi, ko da hoton bai tafi ba. Kada ki mayar da ita ƙidaya wadda sai kin yi ɗari kafin ki taɓa ɗanki, kada ki tsaya gardama da tunanin, kada kuma ki riƙa bincikar zuciyarki ki ga ko har yanzu kina son yaron. Ki ce a ranki, ga shi nan ya zo kuma, ki bar shi ya tafi a lokacinsa.

Yanzu ga inda ba zan sassauta miki ba. Tunda abin ya kai ga hana ki wanka da zama da ɗanki, ya wuce na kowa da kowa, ya yi kama da ciwon waswasi da likitoci ke kira OCD, wanda yakan taso ko ya tsananta bayan haihuwa, sau da yawa tare da ciwon damuwa. Yana da magani. Amma likita ne zai tabbatar, saboda akwai wani ciwon dabam da dole a raba su. Shi wannan yakan sami mai jego ɗaya ko biyu cikin dubu, yawanci a makonni biyun farko bayan haihuwa: mace ta rikice, ta yi kwana da kwanaki ba barci kuma ba ta jin gajiya, ta ji muryoyi suna ba ta umarni, ko ta gaskata cewa jaririn ba mutum ba ne ko an canza mata shi. Ita ba ta ganin tunanin a matsayin baƙo, gaskiya take ɗaukarsa. Wasiƙarki ba ta nuna haka ba. Amma in kin taɓa jin murya daga waje, ko tunanin ya fara yi miki daɗi ko kama da daidai, ko kin ji kina son kashe kanki, to wannan ba na jira ba ne: a ranar za ki gaya wa babba, wani ya riƙe yaron, a kai ki asibiti.

Kina Zariya, asibitin koyarwa na Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, a Kaduna kuma akwai asibitin tarayya na Barnawa. Na san abin da mutane ke cewa da an ambaci irin waɗannan wurare, amma da yawan masu zuwa can ganin likita kawai suke yi su koma gida a ranar. In kin shiga, ki faɗi magana yadda take: "Tunanin cutar da ɗana yana faɗo mini, ba na so, yana tsorata ni, har na daina yi masa wanka." Kalmomin "ba na so" da "yana tsorata ni" su ne likita yake buƙatar ji. Ki nemi a duba jininki da ƙwayar maƙogwaro da likitoci ke kira thyroid, don ƙarancin jini da rikicewar wannan ƙwaya bayan haihuwa sukan ƙara faɗuwar gaba. In an ba ki magani, ki ce kina shayarwa. Akwai irin su sertraline da ake ba masu shayarwa. Ba ya aiki a kwana uku, ga ciwon waswasi yakan ɗauki mako takwas zuwa goma sha biyu kafin a ga cikakken amfaninsa, saboda haka kada ki yar da shi da wuri, kada kuma ki saya a kemis da kanki. Ki tambaya ko akwai mai koyar da fuskantar abin tsoro mataki-mataki, don shi ne maganin da ya fi kafuwa a kan wannan ciwo.

Maigidanki ya ɓata miki, ba zan ce bai yi ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma kin roƙe shi. Amma ki sa kanki a matsayinsa: saurayin jiya, ɗansa na fari, matarsa ta faɗa masa da tsakar dare abin da bai taɓa ji ba. Ya tsorata, ya gudu wajen wadda yake gudu wajenta tun yana yaro. Kallon da yake bin ki da shi rashin sani ne, shi ma ya ɗauka tunani da niyya abu ɗaya ne. Ki sami lokacin da hankalinsa yake kwance ki ba shi wannan amsa ya karanta. Ki tambaye shi ko bai taɓa tsayawa a kan gada ko saman bene ya ji wani abu ya ce masa "faɗa" ba. Wuya ya ce a'a. Sannan ki nemi abu biyu: ya raka ki asibiti ya ji daga bakin likita, kuma maganar ta tsaya inda ta tsaya, kada ta kai ga dangi. Akwai na uku da zai yi miki wuya: in kin tambaye shi "ka tabbata ba zan yi masa komai ba?", ya amsa sau ɗaya ya isa. Yawan neman tabbaci shi ma ɓoye wuƙa ne da wata siga.

Hajiya kuwa jikanta take karewa da ilimin da take da shi, kada ki mayar da ita abokiyar gaba, kuma kada ki tunkare ta da kanki. Ɗanta ne zai je, ko mahaifiyarki, wadda nake ganin lokaci ya yi da za ta sani daga bakinki kafin ta ji a wani wuri. Ba sai an yi musu da ita a kan aljanu ba. Karatun Alƙur'ani da azkar na safe da yamma ba su hana zuwa asibiti, Annabi da kansa ya ce bayin Allah su nemi magani. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne duka, ko turnuƙe ki da hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba alhali kina shayarwa. A ce mata an gwada rukiyya, za a ci gaba da addu'a, yanzu a haɗa da likita.

Ba da yaron shi ne abin da zai fi cutar da ku duka biyu. Shi zai rasa nono a wata huɗu, lokacin da likitoci ke so a ba shi nono zalla har wata shida, a koma madarar da ke cin kuɗi kuma take buƙatar tsaftataccen ruwa kowane lokaci. Ke kuma za a buga wa tsoronki hatimi, ki zauna kina cewa ashe da gaske ni hatsari ce. In Hajiya tana son taimako, ƙofa a buɗe take: ta zo ta kwana biyu, ko ƙanwar maigidan ta ci gaba da zama, ko ki je gidanku da yaron na 'yan makonni in maigidan ya amince. Sai dai a fahimci aikin mai taimakon. Ta karɓi yaron bayan ya sha don ki sami barci na awa huɗu ko biyar a jere, ta ɗauke miki girki da wanki, domin rashin barci yana rura wannan ciwo ƙwarai. Ba a kawo ta don ta yi gadinki ba.

Wanka kuma ki fara karɓar abinki a hankali, zai fi kyau bayan likita ya gan ki. Ranar farko ke za ki yi, ƙanwar tana zaune a gefe. In kin saba, ta koma bakin ƙofa, daga baya ta fita tsakar gida. Hoton zai zo, gabanki zai faɗi, hannunki zai yi rawa. Ki ƙarasa wankan duk da haka, ki shafa masa mai, ki sa masa riga. Faɗuwar gaban takan hau ta sauka da kanta in ba a gudu ba, kuma kowace rana da kika ƙarasa, zuciyarki tana koyon abin da ba wanda zai iya koya mata da baki. Wuƙaƙen ma haka, ki sauko da guda ɗaya ki yanka albasarki. Kada ki sa wa kanki sharaɗin sai tunanin ya daina zuwa gaba ɗaya kafin ki ce kin warke, don wannan ba a hannun kowa yake ba. Abin da ake nema shi ne ya zo ya tarar ba ya hana ki komai.

In maigidan ya ƙi maganar asibitin ƙwaƙwalwa saboda gudun bakin mutane, kada ki zauna. Ranar da za ki kai yaron awo ko rigakafi, ki nemi ganin likita a keɓe ki faɗa masa kalmomin da na ba ki, ki roƙi takardar turawa zuwa Shika. In wannan ma ya gagara, mahaifiyarki ta sa mahaifinki ko waliyyinki ya kira maigidan su yi magana ta manya, a cikin makon nan.

Antinki